Kanun batu a katalogin laburare

Kanun batu, ko kanun maudu'i, kalma ce ko 'yan kalmomi da ma'aikatan laburare suka amince da su don su wakilci abin da littafi yake magana a kansa a cikin katalogi, wato kundin da ke nuna duk abin da laburare ya mallaka. Idan mai karatu bai san sunan marubuci ba, bai kuma san sunan littafi ba, amma ya san abin da yake son karantawa, to kanun batu ne hanyar da ta rage masa. Ba kowace kalma ce ke zama kanu ba. Ana ɗauko shi daga wani jeri da aka tsara tun farko, kuma dole kowane ma'aikaci ya rubuta shi yadda yake a jerin, harafi da harafi. Shi ya sa ake kiran irin wannan jeri da ƙayyadaddun kalmomi.

Jerin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda aka fi sani da LCSH, kuma yana ɗauke da kanu sama da 300,000. Akwai wasu, kamar jerin Sears na ƙananan laburarori, da MeSH na fannin likitanci, da RAMEAU na Faransanci. Duk da bambancin harshe da girma, ƙa'idojin da aka gina su a kai kusan ɗaya ne. Misalan Hausa da za a gani a wannan maƙala an kawo su ne don bayani, waɗanda ke cikin Turanci kuwa daga jerin LCSH suke.

Bambancinsa da lambar kanta

Ɗalibai kan rikita kanun batu da lambar da ake liƙawa a gadon bayan littafi. Lambar, ko ta tsarin Dewey ce ko ta tsarin Majalisar Dokokin Amurka, aikinta ta nuna inda littafin zai zauna a kan kanta, kuma littafi ɗaya ba zai zauna wuri biyu ba. Littafin da ya yi magana a kan noman auduga da kuma masaƙu dole a zaɓa masa ɗaya, ko ya zauna da littattafan noma ko da na masana'antu. Kanun batu ba shi da wannan takura. Ana iya ba littafin kanu biyu ko uku ko fiye, kowanne ya zama wata ƙofa ta daban zuwa gare shi. Bambanci na biyu shi ne lamba tana jera ilimi daga babban fanni zuwa ƙarami, kanu kuwa a bisa jerin haruffa ake tsara su, don haka Auduga da Aure suna iya zama maƙwabta ba tare da wata dangantaka ba.

Tarihi

Wanda ya fara tsara waɗannan ƙa'idoji a rubuce shi ne Charles Ammi Cutter (1837–1903), shugaban laburaren Boston Athenaeum da ke Amurka. A shekarar 1876 ya wallafa Rules for a Printed Dictionary Catalogue, a shekarar da Melvil Dewey ya fitar da tsarin lambobinsa, aka kuma kafa Ƙungiyar Laburarori ta Amurka. Cutter ya ce katalogi yana da aiki uku: ya taimaki mutum ya samo littafin da ya san marubucinsa ko sunansa ko batunsa, ya nuna abin da laburare ke da shi na wani marubuci ko a kan wani batu, sannan ya taimaka wajen zaɓen littafi. Katalogin da ya tsara ana kiransa mai zubin ƙamus, domin an cakuɗa sunayen marubuta da sunayen littattafai da batutuwa cikin jerin haruffa guda. Bugu na huɗu na littafin ya fito a 1904, bayan rasuwarsa.

A 1895 Ƙungiyar Laburarori ta Amurka ta buga jerin kanu na farko don amfanin kowa. Laburaren Majalisar Dokoki ya koma katalogi mai zubin ƙamus a 1898, ya ɗauki wancan jeri ya riƙa ƙara masa kanu duk lokacin da sabon littafi ya buƙata. Ya kammala buga nasa jerin kashi-kashi a 1914. Abin da ya yaɗa jerin shi ne kasuwanci: daga 1901 laburaren ya riƙa sayar da bugaggun katuna ga sauran laburarori, kuma kowane kati yana zuwa da kanunsa a ƙasa. Laburaren da ya sayi katin ya huta da aikin, amma ya karɓi kalmomin Washington tare da shi.

Minnie Earl Sears ta fitar da jeri mai sauƙi a 1923, bayan ta duba yadda wasu ƙananan laburarori tara suke aiki. A 1951 David Judson Haykin, shugaban sashen katalogin batutuwa na Laburaren Majalisar Dokoki, ya rubuta Subject Headings: A Practical Guide, inda ya bayyana tunanin da ke ƙarƙashin jerin, wanda har lokacin ma'aikata a aikace kawai suke koyonsa. A wajen Amurka an bi wata hanya. Julius Kaiser a 1911, da S. R. Ranganathan na Indiya a shekarun 1930, da E. J. Coates na Ingila a 1960, duk sun nemi dokar da za ta fayyace wace kalma ce za ta zo farko a kanu mai sassa da yawa, maimakon a bar abin ga al'ada. A 1999 Tarayyar Ƙungiyoyin Laburarori ta Duniya, IFLA, ta kwatanta jerin ƙasashe da dama ta fitar da ƙa'idoji 11, tara na gina jeri, biyu na amfani da shi.

Kanu ɗaya ga batu ɗaya

Wannan ita ce uwar ƙa'idojin. Duk littattafan da ke magana a kan abu ɗaya dole su taru a ƙarƙashin kanu ɗaya, ko da marubutansu sun kira abin da sunaye daban-daban. A Hausa ana cewa kyanwa, ana cewa mage, wasu kuma mussa. Idan kowane ma'aikaci ya rubuta wadda ya saba da ita, littattafai uku a kan dabba ɗaya za su watse a K da M, mai karatu ya samu ɗaya ya tafi yana zaton shi ke nan. Don haka sai a zaɓi kalma guda ta zama kanu, sauran a mai da su manuniya: Mage, a duba Kyanwa. Manuniyar ba ta ɗauke da littafi ko ɗaya, hanya kawai take nunawa.

Ƙa'idar ba ta tsaya ga kalmomi masu ma'ana ɗaya ba. Ta shafi bambancin rubutu, da tilo da jam'i, da cikakken suna da gajartaccensa, da tsohon suna da sabo. Wani lokaci ma akan haɗe kalmomi biyu da ba daidai suke ba, idan rubuce-rubuce ba sa raba su, kamar yadda za a iya haɗa ƙwaro da ƙwari masu cin amfanin gona a laburaren da ba na noma ba.

Batu ɗaya ga kanu ɗaya

Wannan ita ce ta farkon idan aka juya ta. Kalmar da ke da ma'ana biyu ba za ta tsaya ita kaɗai ba, sai an bi ta da ɗan bayani cikin baka biyu. Hausa tana da irin waɗannan da yawa, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A baki ba mai rikita garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi, amma a takarda rubutunsu ɗaya. Haka kuka na itace da kuka na hawaye, da wuya na jiki da wuya ta wahala, da fari na launi da fari na rashin ruwan sama. A jimla sauran kalmomi suna warware matsalar. Kanu kuwa ba shi da jimla, shi kaɗai yake tsaye, sai a rubuta Kuka (itace), ko Fari (rashin ruwan sama).

Kanu daidai da batu

Ita ce ƙa'idar da aka fi danganta wa Cutter. Ya ce a sa littafi ƙarƙashin batunsa kai tsaye, kada a sa shi ƙarƙashin babban rukunin da batun yake ciki. Misalin da ya bayar na kyanwa ne: littafi a kan kyanwa wurinsa Kyanwa, ba Dabbobin gida ba, ba kuma Ilimin dabbobi ba. Dalilin a fili yake. Idan aka zuba littafin gero da na dawa da na masara duk a ƙarƙashin Hatsi, mai neman gero sai ya bi ɗaruruwan katuna kafin ya tsinci nasa. Kanu ya kamata ya zo wa littafi kamar riga, kada ya yi masa yawa, kada ya matse shi.

A nan ake yawan kuskure. Sabon ma'aikaci yakan so ya ba littafin gero kanu biyu, Gero da kuma Hatsi, wai don kada a rasa shi. Ƙa'ida ta hana haka, sai in littafin ya yi magana a kan hatsi gaba ɗaya sannan ya ware babban kashi ga gero. Hanyar da ake bi daga Hatsi zuwa Gero aikin manuniya ne, ba aikin ninka kanu ba.

Cutter bai faɗi iyakar wannan ƙa'ida ba, kuma har yau kowane laburare yana yanke nasa hukunci. Laburaren makarantar firamare mai littattafai 2,000 ba ya buƙatar raba maiwa da dauro daga gero. Laburaren cibiyar binciken noma yana buƙata. Wannan ne ma dalilin da ya sa jerin Sears ya rayu kusa da LCSH.

Hujjar rubuce-rubuce

Ba a ƙirƙirar kanu don kawai batun yana nan a duniya. Ana ƙirƙirarsa ne idan an samu littafin da ya yi magana a kansa. E. Wyndham Hulme ne ya bayyana wannan tunani a 1911, kuma a kansa LCSH ya girma, kanu bayan kanu. Amfaninsa shi ne jeri ba ya cika da kalmomin da ba su kai mai karatu ko'ina. Illarsa ita ce jerin yana zama madubin abin da laburare ɗaya ya tara. Batun da aka yi rubutu mai yawa a kansa a Amurka da Turai yana da kanu dalla-dalla, wanda ba a rubuta da yawa ba, ko aka rubuta amma littattafan ba su isa Washington ba, sai ya samu kanu ɗaya mai faɗi. Don rage wannan giɓi aka buɗe shirin SACO, wanda ta hanyarsa wasu laburarori ke ba da shawarar sabon kanu tare da hujjar littafin da ya buƙace shi.

Kalmar da mai karatu ya sani

Cutter da Haykin duk sun sa mai karatu a gaba. Idan akwai kalmar masana da ta gama-gari, a laburaren jama'a ta gama-gari ake ɗauka. A Hausa wannan yana nufin a fifita Zazzaɓin cizon sauro ko Tarin fuka a kan sunayen da likitoci ke amfani da su. Laburaren asibitin koyarwa zai yi akasin haka, shi ya sa Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka ya fitar da MeSH a 1960.

Matsalar ita ce wane mai karatu ake nufi. Wanda LCSH ke tunani Ba'amurke ne. Gyaɗa a jerin Peanuts ce, alhali ɗalibin Najeriya groundnuts ya sani. Masara Corn ce, ba maize ba. Ƙwallon ƙafa Soccer ce, wanda ya nemi Football zai faɗa cikin littattafan wani wasa na daban da ake yi a Amurka. Akwai manuniya daga kalmomin da aka ƙi zuwa waɗanda aka zaɓa, amma sai laburare ya sa manuniyoyin a katalogi sannan suke amfani, kuma ba kowane laburare ke yi ba.

Harshe kuma yana canzawa, wannan ƙa'ida sai ta yi karo da wata, wato ta ɗorewa a kan tsari ɗaya. A zamanin katuna, sauya kanu ɗaya yana nufin zaro kowane kati daga durowa a goge a sake bugawa, a kowane laburare. Shi ya sa gyara ke jinkiri ƙwarai. Har 1981 LCSH yana kiran Yaƙin Duniya na Ɗaya da European War, Moving-pictures bai koma Motion pictures ba sai 1987, Cookery kuwa ya kai 2010 kafin ya zama Cooking.

Dangantaka tsakanin kanu

Tun da jerin haruffa yana raba 'yan'uwa, sai a sake haɗa su da manuniya. Iri uku ne. Akwai ta daidaito, wadda ke kai mutum daga kalmar da ba a zaɓa ba zuwa wadda aka zaɓa. Akwai ta sama da ƙasa, wadda ke nuna cewa Gero yana ƙarƙashin Hatsi, Hatsi kuma yana ƙarƙashin Amfanin gona. Akwai kuma ta kusanci, tsakanin batutuwa biyu da ba ɗaya ke cikin ɗaya ba amma mai neman wannan zai so ya san da wancan, kamar Sauro da Zazzaɓin cizon sauro. A da ana rubuta su da kalmomin a duba da a duba kuma. Daga ƙarshen shekarun 1980 LCSH ya koma alamomin UF, BT, NT da RT.

Ginin kanu da rassansa

Kanu yakan zama suna guda, ko suna da siffa, ko sunaye biyu da aka haɗa. Tsofaffin kanu da yawa a juye suke, an sa muhimmiyar kalma a gaba don ta faɗo wurin da ake zaton mai karatu zai duba a durowa. Karin maganar Hausa, alal misali, tana ƙarƙashin Proverbs, Hausa, amma adabin Hausa yana ƙarƙashin Hausa literature. Na farko a P, na biyu a H. Irin wannan rashin daidaito gado ne na jerin da hannaye da yawa suka gina cikin fiye da shekara ɗari.

Idan kanu ya yi faɗi sai a ƙara masa rassa, a raba su da dogon layi. Rassa iri huɗu ne: na batu, na wuri, na zamani, da na siga. Reshen siga yana faɗin abin da littafin yake, ba abin da yake magana a kai ba, kamar ƙamus ko mujalla ko taswira. Ƙamusun Hausa zuwa Turanci yana samun Hausa language—Dictionaries—English. Littafi a kan yaƙin basasar Najeriya yana samun Nigeria—History—Civil War, 1967-1970. A reshen wuri akan fara da ƙasa sannan gari, kamar Markets—Nigeria—Kano, don duk abin da ya shafi kasuwannin ƙasa ɗaya ya taru wuri guda. Wani taro da aka yi a Airlie House a jihar Virginia a 1991 ya ba da shawarar a riƙa jera rassa kamar haka: batu, wuri, zamani, siga.

Jerin sassan yana ɗauke da ma'ana, kamar yadda jerin kalmomi yake a jimla. Falsafa—Tarihi littafi ne a kan tarihin falsafa. Tarihi—Falsafa kuwa a kan falsafar tarihi yake. Kalmomi biyun ba su canza ba, amma littattafan ba su da haɗi. Wannan shi ake kira haɗawa tun farko, domin ma'aikaci ne ke ɗinke sassan kafin mai karatu ya zo. Akwai kuma haɗawa lokacin nema, inda ake ba littafi kalmomi a warwatse, mai nema ya haɗa su da kansa. Mortimer Taube ya yaɗa wannan hanya a farkon shekarun 1950. Ta fi sauƙi da arha, sai dai tana kawo wa mai neman tarihin falsafa littattafan falsafar tarihi.

Yadda ake zaɓar wa littafi kanu

Kafin a buɗe jeri sai an fahimci littafin. Ma'aikaci yana duba suna da abubuwan da ke ciki da gabatarwa da fihirisa, wani lokaci ya karanta wasu babuka. Sunan littafi kaɗai ba abin dogara ba ne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba littafin ruwa ba ne, ƙagaggen labari ne. Infakul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tarihi ne, wanda ya fassara kalmomin farko na sunan kawai zai zaci littafin ciyar da dukiya ne. Littattafan malaman Larabci na da suna da yawan irin waɗannan sunaye masu ado da amsa-amo.

Littafin jagora na Laburaren Majalisar Dokoki ya sa wasu iyakoki. Ba a ba batu kanu sai ya kai kashi 20 cikin ɗari na littafin. Yawanci kanu shida sun isa, kuma ba a wuce goma. Idan littafi ya yi magana a kan batutuwa biyu ko uku da ke ƙarƙashin babban batu ɗaya, kowanne yana samun kanunsa, idan sun yi yawa sai a koma ga babban. Ana kuma buƙatar ma'aikaci ya ajiye ra'ayinsa. Kanu yana faɗin abin da littafi ya tattauna, ba ya faɗin ko marubucin ya yi daidai.

A katalogin kwamfuta da ke bin tsarin MARC kowane irin kanu yana da gurbinsa: 600 na sunan mutum, 610 na hukuma ko ƙungiya, 650 na batu, 651 na wuri, 655 na siga ko nau'in rubutu.

Suka

Zaɓen suna ga abu iko ne, kuma jerin kanu ya sha suka a kan yadda ya kira wasu al'ummu. Sanford Berman, wani ma'aikacin laburare Ba'amurke, yana aiki a Jami'ar Zambiya a ƙarshen shekarun 1960 lokacin da abokan aikinsa suka nuna masa cewa kanun Kafirs, wanda jerin ke amfani da shi ga wasu baƙaƙen fatar kudancin Afirka, zagi ne mai muni a can. Kalmar asalinta Larabci ce, amma Turawan yankin sun mai da ita ta cin mutuncin launin fata. A 1971 Berman ya wallafa Prejudices and Antipathies, inda ya bi kanu sama da 200 da suka shafi jinsi da addini da mata da ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, ya nuna cewa mai karatun da jerin ke tunani farar fata ne, namiji, Kirista. Da yawa an gyara su daga baya. Musulunci ya daɗe a jerin da sunan Mohammedanism kafin ya koma Islam, kuma sai a 2013 aka sauya rubutun Koran zuwa Qurʼan. Hope Olson ta faɗaɗa wannan suka a littafinta The Power to Name na 2002.

Rikici mafi girma na baya-bayan nan a kan kanun Illegal aliens aka yi shi, wanda ke nufin baƙin da ke zaune a ƙasa ba da izini ba. Ɗaliban Kwalejin Dartmouth sun nemi a cire shi a 2014. A watan Maris na 2016 laburaren ya sanar da cewa zai sauya shi, sai Majalisar Wakilan Amurka ta sa baki don hana sauyin, abin da ba a saba gani ba a aikin katalogi. Maganar ta kwanta har Nuwamban 2021, lokacin da aka maye gurbinsa da kanu biyu, Noncitizens da Illegal immigration. Laburarori da dama ba su jira ba, tuni sun gyara a nasu katalogin.

Zamanin kwamfuta

Da katalogi ya koma kwamfuta, mai karatu ya samu damar rubuta kowace kalma ya nema, sai wasu suka fara cewa aikin sa kanu ɓata kuɗi ne. Wani bincike da Tina Gross da Arlene Taylor suka wallafa a 2005 ya gano cewa da za a cire kanun batu daga katalogi, fiye da kashi ɗaya cikin uku na littattafan da neman kalma ke fitarwa za su ɓace, domin kalmar da aka nema a cikin kanun kaɗai take. Abin ya fi shafar littattafan da ba na Turanci ba, waɗanda kanu ne kawai kalmar Turanci a bayaninsu. Abin da ya canza shi ne siga. Kamfanin OCLC ya fara aikin FAST a 1998, inda aka kwance dogayen kanun LCSH zuwa sassa masu zaman kansu. Tun 2009 ana samun jerin kyauta a intanet, kuma an daina buga manyan jajayen kundayensa bayan bugun 2013.

Wasu harsuna, da Hausa

RAMEAU na Laburaren Ƙasa na Faransa ya samo asali daga jerin Jami'ar Laval ta Kanada, wanda shi kuma aka gina a kan LCSH. Jamus tana da nata dokokin, RSWK, tun 1986. A Larabci ana kiran kanun batu ru'usul maudu'at. A Najeriya yawancin laburarorin jami'o'i da LCSH suke aiki, don haka littafin da aka rubuta da Hausa kanunsa da Turanci yake, kuma mai neman littafin tatsuniya ko waƙa sai ya san yadda ake kiransu a wancan harshe.

Fassara jeri zuwa Hausa kalma da kalma ba za ta wadatar ba, domin ginin harshen yana kawo nasa tambayoyi. A Turanci tilo da jam'i maƙwabta ne a jerin haruffa. A Hausa akuya da awaki, sa da shanu, Bahaushe da Hausawa sun yi nisa da juna, sai an zaɓi ɗaya an yi wa ɗayan manuniya. Hausa kuma tana sa sunan aiki a gaba, noman gero, noman rake, noman shinkafa, don haka ko dai duk su taru a N, ko a juya su zuwa Gero—Noma. Akwai bambancin karin harshe da na kalmomin aro a ɓangarori biyu na iyaka. Makarantar boko lakwal ce a Nijar, kuma a can likita yana iya nufin asibitin kansa, mai duba marasa lafiya a kira shi lokotoro. Sai kuma haruffa masu lanƙwasa: kwamfutar da ba ta raba ɗ da d ba za ta haɗa ɗaki da daki, da ƙafa da kafa, kuma harafin da ake rubutawa 'y a Najeriya ƴ ne a Nijar, abin da ke sa 'ya'ya da ƴaƴa su faɗa wurare biyu a katalogi ɗaya.